Tabo a fayil: Manjo Jokolo, Kanar Dangiwa da takardar da na gani a akwatin kawuna

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren yau dogo ne kuma na gida ne: Birnin Kebbi da Argungu. Magana ce kan abin da ke faruwa idan aka sa wa hafsan soja baƙin tabo a fayil ɗinsa, ya tashi neman a goge. Akwai sarki a ciki, akwai juyin mulki, akwai shari'ar shekara 20. Mai ƙarancin data ya ajiye sai dare. 🧵

2/ Ga abin da ya jawo. Hutun da ya wuce na je Argungu gaishe da kawuna. Tsohon soja ne, daga kurtu ya fara har ya zama hafsa, ya yi ritaya yana Kyaftin. Bayan la'asar ya aike ni in ɗauko masa takardar gona a akwatinsa na ƙarfe. Ina cikin dubawa sai ga wata takarda a leda, ta yi ja don tsufa.

3/ Na ce, "Kawu, wannan fa?" Ya karɓa, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wagga ita tac cinye min Manjo." Kwafin hukunci ne, layi kaɗan. Wani soja da ke ƙarƙashinsa ya bar wurin gadi da dare, ranar kuwa kawu ne hafsan da ke bakin aiki. Kwamandansu ya zauna a ofis ya yanke masa tsawatarwa mai tsanani.

4/ Ba ɗauri, ba tara, ba rage girma. Abokansa har barka suka yi masa, wai ya sha da ƙyar. Ya so ya rubuta koke, don a ganinsa ba a saurari bayaninsa ba. Wani na gaba da shi ya ja shi gefe ya ce ya yi haƙuri, kada a ɗauke shi mai taurin kai, abin zai wuce. Ya yi shiru. Da lokacin ƙarin girma ya zo aka tsallake shi. Aka sake tsallake shi.

5/ Ga waɗanda ba su da soja a gida: kowane hafsa yana da fayil a hedikwata. A ciki akwai rahoton da manyansa ke rubutawa a kansa duk shekara, kwasa-kwasan da ya yi, sakamakon jarrabawar ƙarin girma, yabo idan akwai, hukunci idan akwai. Masu zaman tantance ƙarin girma galibi ba su taɓa ganin fuskarka ba. Fayil ɗin suke gani.

6/ Dokar da ke tafiyar da wannan ita ce Dokar Rundunonin Soja, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 105 ta 1993. Ta jero hukuncin da za a iya yanke wa hafsa tun daga kisa, ɗauri, kora, rage muƙami, rage shekarun girma, tara, sai can ƙasa tsawatarwa. A jerin ƙarama ce. A teburin ƙarin girma, inda hafsoshi da yawa ke neman kujeru kaɗan, ita kaɗai ta isa.

7/ To idan an zalunce ka fa? Sashe na 178 ya buɗe ƙofa. Hafsan da ke ganin an yi masa ba daidai ba zai fara kai kuka wurin kwamandansa. Idan bai samu biyan buƙata ba, ya kai gaban majalisar rundunonin soja. Idan ya nema, majalisar ta kai rahoto ga Shugaban Ƙasa, tunda shi ne babban kwamandan askarawa.

8/ Amma akwai tarko biyu a sashen. Na farko, koken farko dole ya shiga cikin wata uku da faruwar abin. Na biyu, ba ka da ikon ɗaukar wani mataki, har da zuwa kotu, sai ka gama bin waɗannan matakan na cikin gida. Ku riƙe wannan na biyun da kyau, zai dawo a inda ba ku zata ba.

9/ (Idan kotun soja ce ta yanke hukuncin, hanyar daban ce: sai hukumar da ke sama ta tabbatar da shi tukuna, sannan a iya tafiya Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli. Ni ɗalibin tarihi ne, lauyoyin da ke nan ku faɗaɗa a ƙasa.)

10/ Yanzu mu koma baya. Daren 27 ga Agustan 1985, Legas. Manjo Janar Muhammadu Buhari yana barikin Dodan, Janar Babangida da mutanensa sun ɗaura ɗamarar kifar da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a daren nan akwai manjo biyu daga Birnin Kebbi, kowanne a ɓangare daban.

11/ Na farko Manjo Mustapha Haruna Jokolo, dogarin Buhari, ɗan Sarkin Gwandu Haruna Rashid. Na biyu Manjo Abubakar Dangiwa Umar, ɗan Wazirin Gwandu, yana cikin matasan hafsoshin da suka mara wa Babangida baya. Ɗan sarki da ɗan waziri, gari ɗaya, fada ɗaya. Wallahi ko fim ne sai a ce marubucin ya yi yawa.

12/ Gari na wayewa rayuwarsu ta rabu. An kama Jokolo an tsare shi, aikinsa na soja ya ƙare a muƙamin Manjo. Dangiwa kuwa cikin 'yan kwanaki ya zama gwamnan soja na jihar Kaduna, ya riƙe ta har 1988. Jokolo bai yi wani laifi ba a daren, ya tsaya ne inda aikinsa ya ce ya tsaya. Sai dai masu rubuta fayil sun canza.

13/ Af, kafin in manta: jiharmu ta Kebbi ma ranar 27 ga Agusta aka ƙirƙire ta, a 1991, daidai cikar wannan juyin mulkin shekara shida. Duk sanda ake bikin zagayowar ranar jiha, ku san ranar tana da wani tarihin.

14/ 1993 ta zo, Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni. Dangiwa, yanzu Kanar ne, yana shugabantar makarantar sojojin tankokin yaƙi a Bauchi, ya ƙi goyon bayan sokewar, kuma bai ɓoye ba. Kafin shekarar ta ƙare aka zarge shi da shirin juyin mulki. Ba a gurfanar da shi gaban kotun soja ba. Zargi ne kawai, amma a soja irin wannan zargin ba ya fita daga jikin mutum.

15/ Shi Dangiwa bai tsaya jan magana ba. Ya ajiye aikin, ya cire kaki, ya koma Kaduna yana noma da kiwon jimina, yana fitar da sanarwa yana caccakar duk gwamnatin da ya ga ta karkace. Mutumin da ake ganin zai kai Janar ya tsaya a Kanar. Wannan hanya ɗaya kenan: ka bar musu fayil ɗin ka kama gabanka.

16/ Jokolo kuma ƙaddara ta juya masa ta wata fuska. Mahaifinsa, wanda ya hau gadon sarauta tun 1954, ya rasu a 1995, aka naɗa shi Sarkin Gwandu na 19. Tsohon Manjon da aka tsare shekara goma baya ya zama sarki mai daraja ta ɗaya a gidan Abdullahin Gwandu.

17/ Shekara goma ya yi. Ranar 3 ga Yunin 2005 gwamnatin Adamu Aliero ta tuɓe shi. Dalilan da aka bayar sun haɗa da furta kalaman da za su iya barazana ga tsaron ƙasa, rashin jituwa da sauran sarakuna, da barin masarauta yana zama a Kaduna. Aka kai shi jihar Nasarawa, Lafiya da farko, daga baya Obi.

18/ Wanda aka naɗa a madadinsa shi ma soja ne: Manjo Janar Muhammadu Iliyasu Bashar mai ritaya, wanda ya yi gwamnan soja a tsohuwar jihar Gongola har sau biyu, na biyun a zamanin Buhari. In faɗa tun yanzu, ni talakan masarauta ne, ba na shiga tsakanin 'yan gidan sarauta. Abin da kotuna suka yi nake bi.

19/ Na san wani zai ce, malam, rawani ai ba fayil ɗin soja ba ne. Gaskiya ne. Amma ku duba kamannin: hukuma ta rubuta a takarda cewa ka yi laifi, ba tare da ta zaunar da kai ta ji bakinka ba, kai kuma ka tashi neman a soke takardar. Ku biyo ni ku ga inda shari'ar ta karye.

20/ Jokolo ya zaɓi hanya ta biyu, wato kotu. Kuma ya yi ta cin nasara. A batun korarsa daga gari, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 2013 tsarin mulki bai ba gwamna ikon ɗauke mutum ya ajiye shi a wata jiha ba. Da aka kai Sarki Sanusi na Kano Nasarawa a 2020, wannan hukuncin na Jokolo lauyoyi suka riƙa ambata.

21/ A kan sarautar kanta, Babbar Kotun Jihar Kebbi ta yanke a Disambar 2014 cewa tuɓewar ta saɓa wa doka, don ba a yi bincike da tuntuɓar da dokar naɗawa da tuɓe sarakuna ta tanada ba. Ta ce a mayar da shi. Afrilun 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Sakkwato ta tabbatar. Biyu da babu kenan. Gwamnati ta wuce Kotun Ƙoli.

22/ A can maganar ta kwanta shekara tara. Ana sa rana ana ɗagawa. Yaran da aka haifa shekarar da aka tuɓe shi sun shiga jami'a. Mu da muka taso a garin nan mun san yadda manya ke rage murya idan zancen ya taso a majalisa.

23/ Sai ranar 4 ga Yunin 2025, shekara 20 da kwana ɗaya cif da tuɓewar. Alƙalai biyar, uku suka rinjayi biyu. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya jagoranci hukuncin masu rinjaye: Jokolo bai fara kai ƙorafinsa ga gwamna ba kafin ya garzaya kotu, kamar yadda dokar sarakuna ta buƙata. Saboda haka tun farko Babbar Kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar.

24/ Ku sake karantawa. Masu rinjaye ba su kafa hukuncinsu a kan ko zargin da aka yi masa gaskiya ne ba. Sun ce ne ya tsallake matakin farko, don haka duk abin da aka gina a kai ya rushe, har da nasarori biyun. Kun tuna tarko na biyu a sashe na 178? Ga ɗan'uwansa sanye da babbar riga.

25/ A nan ne ni abin ke min ciwo. Gwamnan da ya tuɓe ka, shi za ka fara kai wa kuka. Kwamandan da ya tsawatar maka, ta teburinsa kokenka zai fara bi. Masu kare tsarin suna cewa ba a so kowace ƙaramar rigima ta tafi kotu, kuma soja ba ya tafiya sai da ladabi. Na yarda da rabin maganar. Amma kura ce ake kai wa ƙarar kura, kuma alƙalai biyu a Kotun Ƙolin ma ba su bi masu rinjaye ba.

26/ Kwana 15 bayan wannan hukunci, 19 ga Yunin 2025, Shugaba Tinubu yana Kaduna ya ce an manta da suna ɗaya a jerin waɗanda aka karrama ranar dimokuraɗiyya. Ya ba Kanar Dangiwa Umar lambar girmamawa ta CFR saboda tsayuwarsa kan 12 ga Yuni. Abin da ya ci masa aiki a 1993 shi ne ya zama abin yabo bayan shekara 32.

27/ Wata ɗaya, 'yan gari ɗaya, manjoji biyun daren 1985. Wanda ya bi kotu shekara 20 ya faɗi a kan takardar da bai rubuta ba. Wanda bai shigar da ƙara ba aka kira shi aka karrama. Kada ku ɗauka ina cewa shiru ya fi. Dangiwa ya dace ne wanda ya yi gwagwarmayar 12 ga Yuni ya zama shugaban ƙasa. Shi da kansa, da ya karɓa, ya fitar da jerin sunayen hafsoshin da suka tsaya tare da shi ba a tuna da su ba.

28/ Kuma wannan abin ya girmi kakanninmu a yankin nan. Tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, Sarkin Kabi Sama'ila na Argungu ya karɓe su, har suka girke sojoji a garin, sunansa ya yi fari a rahotanninsu. A 1906, bayan tawayen Satiru, suka tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin bisa zargin yana goyon bayan 'yan tawayen.

29/ Wancan sarkin ba shi da wata kotu da zai je. Abin da Razdan ya rubuta wa Gwamna Lugga, shi ke nan. Tsakaninsa da Jokolo shekara 99, kujera ɗaya. Bambancin shi ne na biyun ya samu damar jayayya har Abuja.

30/ Mu dawo barikin. A Yunin 2016 rundunar sojan ƙasa ta yi wa manyan hafsoshi 38 ritayar dole, bisa zargin shiga siyasa a zaɓen 2015 da badaƙalar sayen makamai. Da yawansu sun ce ba a taɓa kiransu gaban wani kwamiti ba, balle kotun soja. Ƙa'idar aikinsu ta ba su kwana 30 su roƙi Shugaban Ƙasa ya sake dubawa. Wasu sun rubuta, suka yi ta jira.

31/ Cikinsu akwai Kanar Danladi Ribah Hassan (Ribah dai kun san ta, can ƙasar Zuru), wanda ya yi yaƙi da Boko Haram a Borno. Shi ya bi matakan, sannan ya tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A Janairun 2019 ta ce a mayar da shi bakin aiki. Rundunar ta ɗaukaka ƙara, ta faɗi a Disambar 2021. Bayan nan ma sai da aka koma rubuce-rubucen roƙon a aiwatar da hukuncin.

32/ Wannan kuma naku ne, 'yan soshiyal midiya. A Maris 2020 bidiyon Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan Operation Lafiya Dole, ya bazu yana bayanin irin wutar da dakarunsa suka sha a hannun Boko Haram. Aka cire shi daga muƙamin. Ƙarshen shekarar kotun soja ta same shi da laifin karya ƙa'idar amfani da kafafen sada zumunta, ta rage masa shekara uku na girma. Mai ɗan'uwa a soja ya rage ɗora hotunansa da kaki.

33/ Akwai ƙofa ta uku, afuwar Shugaban Ƙasa, sashe na 175 na tsarin mulki. Ita aka yi wa Shehu Musa 'Yar'aduwa a 2013 bayan rasuwarsa a kurkuku, aka yi wa Mamman Vatsa a Oktoban 2025, shekara 39 bayan an harbe shi. Sai dai afuwa cewa take an yafe maka, ba cewa take ba ka yi ba. Kuma ba a taɓa jin an tara Majalisar Magabata don tsawatarwar wani Kyaftin ba.

34/ A Amurka sun yi wa abin gata kaɗan. Tun bayan yaƙin duniya na biyu kowace runduna tana da hukumar farar hula ta gyara bayanan soja, ko ka yi ritaya kana iya nema. Wa'adinsu shekara uku ne daga sanda ka gano kuskuren, kuma hukumar na iya ɗage shi idan adalci ya buƙata. Ku kwatanta da wata uku.

35/ Duk da haka ko a can takarda ba ta saurin fita. Kyaftin Charles McVay shi ne kwamandan jirgin ruwan yaƙin Indianapolis da Japan ta nutsar a Yulin 1945. Cikin mutum kusan 1,200, 316 suka tsira. Kotun soja ta ɗora masa laifi. Ya rayu yana karɓar wasiƙun zagi daga iyalan mamatan, ya kashe kansa a 1968.

36/ Wa ya tado maganar? Wani ɗan makaranta mai shekara 12, Hunter Scott, da ya ɗauki labarin jirgin don gasar tarihi, ya riƙa tuntuɓar waɗanda suka tsira. A 2000 majalisar dokokin Amurka ta wanke McVay, a 2001 aka sa takardar wankewar a fayil ɗinsa. Hukuncin 1945 yana nan a ciki, an ɗora masa wata takardar ce a sama.

37/ Da na ba kawu labarin McVay dariya ya yi, ya ce shi ba ya son a jira sai ya mutu. Na tambaye shi ko ya san da maganar wata uku a lokacin. Ya ce ya sani sarai, ai an koyar da su a kwas. Abin da ya hana shi, kwamandan da zai miƙa wa koken shi ne kuma zai rubuta rahotonsa na ƙarshen shekara.

38/ Na ce, "To Kawu, me ya sa har yanzu kake ajiye da ita?" Ya ce ƙaramin ɗansa na neman shiga NDA, ranar da zai tafi Kaduna zai ba shi ya karanta. Ya naɗe ta, ya mayar cikin ledar, ya ce in sa ta ƙarƙashin takardar gonar, in rufe akwatin da kyau saboda gara.